Inda Ruwa Ke Gudu Da Inda Guba Ke Kwana: Fashin Baƙi Kan Auna Ratsawar Ƙasa

Idan tankin mai ya yi yoyo a ƙarƙashin gidan mai, ko masana'anta ta kwashe shekaru tana zubar da sinadarin wanke ƙarafa a bayan gini, tambayoyin da ke tasowa ba su wuce uku ba: ina abin ya nufa, yaushe zai kai ga rijiyoyin da ake sha, kuma zai fitu? Ɗakin gwaji zai faɗa maka sunan sinadarin da yawansa a kowace lita, amma ba shi da amsar ko ɗaya daga cikin tambayoyin nan. Amsarsu tana cikin ƙasar kanta, wato yadda take ba ruwa hanya ko take tare shi. Wannan ne masana ruwan ƙarƙashin ƙasa suke aunawa, suna masa alama da harafin K, shi ne ƙarfin ratsawa.

Tushen lissafin tsoho ne. A 1856 wani injiniya Bafaranshe, Henry Darcy, wanda ya kawo wa birnin Dijon ruwan famfo, ya bayyana gwajin da ya yi da bututun da ya cika da yashi yana tura ruwa ta ciki. Ya gano cewa yawan ruwan da ke wucewa ya rataya ne a kan abu uku: faɗin wurin da ruwan ke bi, tsananin gangarar da ke tura shi, da kuma halin yashin. Biyun farko ba su da wuyar sani. Faɗi ana auna shi, gangara kuma rijiyoyi uku sun isa su nuna ta, a duba tsayin ruwa a kowacce a ga inda ya karkata. Na ukun, wato K, shi ne gagara badau.

Dalili shi ne tazarar da ke tsakanin wannan ƙasa da waccan. K na tsakuwa mai tsabta yana iya kai ɗaruruwan mita a rana. Yashi yawanci yana tsakanin mita 1 zuwa 100 a rana, gwargwadon kaurin ƙwayarsa. Yumɓun da aka daddage, irin wanda dokar Amurka ta ce a shimfiɗa a gindin ramin zubar da shara, ƙa'idarsa kada ya wuce kimanin santimita 3 a shekara. Idan aka jera dukkan ƙasa da duwatsun da ake samu, daga mafi toshewa zuwa mafi buɗewa, bambancin ya haura ninki tiriliyan ɗaya. Da wuya a sami wani abin da injiniya ke aunawa da yake da irin wannan tazara. Shi ya sa idan gwaji biyu a wuri guda suka bambanta da ninki biyu ko uku, masu aikin ba sa ko ɗaga gira, sai su ce gwaje-gwajen sun yi daidai.

Akwai wani ruɗu da ya kamata a kawar tun yanzu. Yawan kafofin da ke cikin ƙasa daban, sauƙin ratsa ta daban. Yumɓu ya fi yashi yawan kafofi, sau da yawa rabin jikinsa ko fiye ruwa ne, amma kafofin ƙanana ne ƙwarai, ruwa ba ya iya gudu a cikinsu. Wato yumɓu ma'ajiya ce babba mai ƙuntatacciyar ƙofa. A riƙe wannan, domin can gaba shi ne zai bayyana abin da ya sa aikin share gurɓata yake cin shekaru.

Bari mu yi lissafi da misali, don a ga inda gizo ke saƙa. A ce shimfiɗar da ke ɗauke da ruwa kaurinta mita 10. Mita 9 da rabi yashi ne mai laushi gauraye da turɓaya, ƙarfin ratsawarsa mita 1 a rana. Sauran rabin mitar kuwa wani siririn zaren tsakuwa ne da tsohon kogi ya bari, nasa mita 100 a rana. Ruwan yana gangarawa mita 2 a kowace kilomita, kafofin da ruwa ke bi kuma kashi ɗaya cikin huɗu ne na ƙasar. Wanda ya haƙa rijiya ya auna dukkan mita 10 a dunƙule zai sami matsakaicin kusan mita 6 a rana, ya lissafa cewa ruwan yana tafiyar mita 17 zuwa 18 a shekara. Idan akwai rijiyar sha a nisan mita 600, zai rubuta a rahoto cewa akwai sauran shekara 34. Alhali a cikin zaren tsakuwar ruwan yana cin kusan mita 290 a shekara, zai isa rijiyar cikin shekara 2. Fiye da kashi 80 cikin 100 na ruwan da ke wucewa ta wannan rabin mitar yake bi. Lissafin mutumin daidai ne, na'urarsa ma lafiya lau take. Matsakaicin ne ya yaudare shi, domin babu ɗigon ruwa ko ɗaya a wurin da ke tafiya da wannan matsakaicin gudu. Gaskiya ne wasu sinadarai suna maƙalewa a jikin ƙasa su yi jinkiri, wasu kuma ƙwayoyin halitta suna cinye su a hanya, amma duk wannan gyara ne da ake yi a kan gudun ruwan. Idan gudun ya kuskure, sauran ma sun bi shi.

To, ta yaya ake aunawa?

Hanya mafi araha ita ce a tankaɗe ƙasar a ga girman ƙwayoyinta, a yi kirdado. Allen Hazen, injiniyan tace ruwa a Amurka, shi ya fito da wannan dabara a 1892, ya nuna cewa ƙananan ƙwayoyin ne ke da iko, domin su ke cushe tsakanin manya. Tana aiki a yashi mai tsabta, wanda dama dominsa aka yi ta. A ƙasa mai yumɓu kuwa ba ta da amfani.

Sai gwajin ɗakin bincike, wanda kusan maimaita aikin Darcy ne. A ciro curin ƙasa daga rami, a sa a bututu, a tura ruwa. Idan yashi ne a bar tsayin ruwan a wuri guda a auna abin da ke fita. Idan yumɓu ne a cika siririn bututu a zuba ido a ga yadda ruwan ke sauka a hankali. Sakamakon yakan fito tsaf da lambobi masu kyan gani, kuma a nan haɗarinsa yake. Curin bai fi cikin tafin hannu ba. An girgiza shi wajen cirowa. Galibi kuma daga sama zuwa ƙasa ake tura ruwan, alhali a cikin ƙasa a kwance yake tafiya, kuma ratsawa a kwance takan ninka ta tsaye sau goma ko fiye. Mafi muni, curin yumɓu ba ya ɗauko tsagewa da ramukan saiwa da ke cikin yumɓun a fili, ga shi ta nan ruwan ke bi. Injiniya David Daniel ya nuna a 1984 cewa shimfiɗun yumɓun da aka yi don tare ruwa sun fi abin da ɗakin gwaji ya faɗa yoyo da ninki 10 zuwa 1,000. Don haka duk rahoton da ya ce wai akwai yumɓu a ƙasa, guba ba za ta sauka ba, kuma hujjarsa curi biyu ko uku ne da aka kai ɗakin gwaji, ni dai ba na sakin jiki da shi.

A fili, gwajin da aka fi yi shi ne na tunkuɗa ruwa a rijiyar sa ido. Rijiyar siririya ce, bututun roba mai faɗin santimita 5, an tsattsaga ƙasansa don ruwa ya shiga. Ma'aikaci zai fara zura wata 'yar na'ura mai auna nauyin ruwa, ya jira ruwan ya natsu. Sai ya saki wani sandan roba mai nauyi da aka ɗaure da igiya, ya nutse lokaci guda. Ruwan zai yi tsalle sama, a ce rabin mita, daga nan ya fara komawa mazauninsa, na'urar tana rubuta tsayinsa sau da yawa a kowace daƙiƙa. A tsakuwa kafin ya gyara tsayuwa an gama, wani lokaci ma ruwan ya riƙa lilo sama da ƙasa kafin ya tsaya. A yumɓu sai ya tattara kayansa ya dawo gobe ko jibi. Da ruwan ya daidaita sai ya fizge sandan, ruwan ya faɗa, a sake aunawa yana hawowa. Ana fassara sakamakon da lissafin Hvorslev na 1951 ko na Bouwer da Rice na 1976. Abin da ya sa masu binciken gurɓata ke son wannan gwaji a bayyane yake: ba a fitar da gurɓataccen ruwa ko lita ɗaya, kuma mutum biyu za su iya gama rijiyoyi da yawa a yini. Rauninsa shi ne gajeren hannu. Ƙasar da ke dab da rijiyar kawai yake taɓawa, kuma ita ce injin haƙa ya fi lalatawa. Idan ƙarfen haƙa ya shafe bangon ramin da laka, ba a kuma wanke rijiyar da kyau ba, to lakar ce ka auna, sai yashi mai gudu ya fito a takarda kamar toshasshe.

Babban gwaji shi ne na jan ruwa. A kunna famfo a rijiya ɗaya ana ja da ƙarfi guda na awa 24 zuwa 72, wani lokaci fiye, ana duba yadda ruwa ke sauka a rijiyoyin da ke kewaye. Charles Theis na hukumar binciken ƙasa ta Amurka ne ya samar da lissafinsa a 1935, ya aro shi daga lissafin yadda zafi ke bin jikin ƙarfe. Wannan gwaji yana jin ƙasa har nisan ɗaruruwan mita, yana kuma tona abin da sauran ba sa iyawa: ko shimfiɗa biyu suna da haɗi, ko kogin da ke kusa yana ciyar da rijiyar. A garin Woburn na jihar Massachusetts, inda aka rufe rijiyoyin gari biyu da ake kira G da H a 1979 bayan an sami TCE, wani sinadarin wanke ƙarafa, a cikinsu, ga kuma yara da dama sun kamu da sankarar jini, hukumar binciken ƙasa ta sake kunna rijiyoyin na kwana 30 daga Disambar 1985 zuwa Janairun 1986. Gwajin ya nuna cewa jan rijiyoyin yana ratsawa ta ƙarƙashin kogin Aberjona zuwa ɗaya gaɓar, kuma kaso mai yawa na ruwansu daga kogin yake zuwa. A shari'ar da aka yi a 1986 an shafe watanni masana suna jayayya kan lokacin da sinadarin ya isa rijiyoyin, wato dai jayayya kan K, gaban alƙali da masu taya shi yanke hukunci waɗanda ba fanninsu ba ne.

Sai dai gwajin jan ruwa a gurɓataccen wuri yana da tsada ta fuska biyu. Duk ruwan da aka jawo shara ce mai guba, dole a tara shi a tankuna a tace. Jan kansa kuma yana iya karkato jelar gurɓatar, wato gurɓataccen ruwan da ya miƙe daga inda gubar ta zuba, zuwa inda da ba ta kai ba. Bayan duk wannan wahala, abin da zai ba ka matsakaici ne, irin wanda ya yaudari mutumin misalinmu. Ga mai neman ruwan sha matsakaici ya wadatar, tunda tambayarsa ita ce lita nawa rijiya za ta bayar. Mai bin sawun guba kuwa tambayarsa daban ce. An daɗe ana amsa tambaya ta biyu da kayan aikin ta farko, kuma a ganina wannan gado ne ya jawo asarar kuɗi mai yawa a wannan fanni.

Binciken da ya fi buɗe ido an yi shi ne a sansanin soja na Borden da ke Ontario a Kanada, a shekarun 1980. An zaɓi yashin wurin ne saboda ana ganin kusan iri ɗaya ne ko'ina. Da Edward Sudicky ya yanka curin ƙasar gunduwa-gunduwa ya auna fiye da guda 1,000, sai ga siraran shimfiɗu masu kaurin 'yan santimita, ratsawarsu ta bambanta da ninki goma da ɗoriya. Idan haka yashi mai ladabi yake, ina ga ƙasar da koguna suka yi ta juyawa? An ga amsar a wani filin gwaji a sansanin sojan sama na Columbus da ke Mississippi, inda sinadarin da aka zuba don bin sawu ya ƙi bin lissafi: akasarinsa ya tsaya kusa da inda aka zuba, kaɗan kuma ya zarce can nesa ta siraran hanyoyi. Wani bincike na jami'ar Waterloo ta Kanada da aka buga a 2005 ya gano cewa a wuraren da aka duba, kashi 75 cikin 100 na gubar da ke wucewa ta bi ne ta kashi 5 zuwa 10 kacal na faɗin jelar.

Wannan ne ya kawo na'urorin da ake turawa cikin ƙasa kai tsaye ba tare da haƙa ba. Mota mai injin dannawa tana tura sandan ƙarfe a hankali, kimanin santimita 2 a daƙiƙa. A gefen kan sandan akwai wata 'yar raga da ke fesa ruwa kaɗan-kaɗan cikin ƙasa, na'ura tana auna ƙarfin da ake buƙata kafin ruwan ya shiga. Ma'aikacin yana kallon layi a fuskar kwamfuta: a yashi layin ya kwanta, da an shiga yumɓu ya yi tsalle, kowane santimita ɗaya da rabi ana rubutawa. Zaren tsakuwar da rijiya mai dogon tsagi za ta haɗiye, a nan sai ya fito ɓaro-ɓaro. Na'urar ba ta ba da lamba mai kaifi kamar gwajin jan ruwa, ba ta shiga dutse, kuma a tsakuwa sosai ko yumɓu sosai ba ta bambancewa. Amma tana nuna inda ya kamata a tsaya a yi gwaji na sosai, da inda za a sa bakin rijiya. A dutse mai tsagewa kuma ana toshe rami sama da ƙasa da robar da ake hurawa, a gwada gaɓa-gaɓa, dabarar da ta samo asali daga aikin Maurice Lugeon na Suwizalan a 1933 kan madatsun ruwa.

Yanzu mu koma kan yumɓun nan mai ƙuntatacciyar ƙofa. Sinadarai irin TCE da PCE, na wanke ƙarafa da tufafi, sun fi ruwa nauyi. Lita ɗaya ta TCE ta kusa kilo ɗaya da rabi. Ba sa yawo a sama kamar fetur, nutsewa suke yi har su tarar da shimfiɗar da ta tare su, su taru a kanta. Iyakar da Amurka ta sa wa TCE a ruwan sha maikirogiram 5 ce a lita, wato lita ɗaya tana iya ɓata kusan lita miliyan 300. Shekara da shekaru sinadarin yana kwance a kan yumɓun yana yin naso a ciki sannu a hankali. Ran da aka zo aka kunna famfunan sharewa, ruwa mai tsabta zai wanke yashin da tsakuwar, lambobi su sauka, kowa ya yi murna. A kashe famfo, bayan 'yan watanni su sake hawa, domin yanzu yumɓun ne ke amayar da abin da ya sha, kamar soson da ka ɗauraye bayansa amma cikinsa na nan da sabulu. A wata masana'anta a jihar Connecticut an killace tushen TCE da bangon ƙarfe a 1994, amma shekaru bayan haka ruwan da ke gaba bai tsarkaka ba, kuma binciken Steven Chapman da Beth Parker ya danganta hakan da wannan amai daga shimfiɗar da ke ƙasa. A wannan shekarar ta 1994 ma, majalisar bincike ta ƙasar Amurka ta duba wurare 77 da ake jawo ruwa ana tacewa, ta tarar 8 ne kawai aka ce sun cimma abin da aka sa gaba.

Ke nan ana neman ɓangarori biyu ne, kowanne da amfaninsa. Mai gudu shi ke faɗa maka wa ke cikin haɗari da yaushe. Mai toshewa shi ke faɗa maka shekara nawa aikin zai ci. Kuma kowace dabarar gyara tana tsaye ne a kan waɗannan lambobi. Rijiyar da aka kafa don tare jelar gurɓata, idan an raina K, faɗin kamunta zai gaza, guba ta wuce ta gefe. Idan an zuzuta shi kuma, a sayi manyan famfuna da matatar da rijiyar ba za ta iya ciyarwa ba. Magungunan da ake ɗura wa ƙasa don su ƙone sinadarin, irin su famanganet, su ma ruwa ne, hanyar da ta fi sauƙi suke bi, sai su wanke tsakuwar da dama ta kusa tsarkaka su bar yumɓun da kayansa. Bangon garin ƙarfe da ake binnewa a gaban jela don ya lalata TCE, wanda Robert Gillham da abokan aikinsa suka ƙirƙiro a Waterloo, dole ya fi ƙasar da ke kewaye sauƙin ratsawa, in ba haka ba ruwan ya zagaye shi. Zuƙe tururin fetur daga ƙasar da ke saman ruwa kuma yana buƙatar a auna yadda iska ke ratsawa, abin da ke canzawa da damshi, don ƙasar da ta ba iska hanya da rani tana iya toshewa bayan ruwan sama. Inda yumɓu ya yi yawa har waɗannan suka gaza, sai a koma ga tsaga shi da ƙarfin ruwa a cusa yashi, ko a dumama ƙasar da lantarki har sinadarin ya zama tururi, kuma ba kowane aljihu ke ɗaukar wannan ba.

Abin da ke ba ni mamaki a rahotanni da yawa shi ne rabon kuɗin. Za ka ga shafuka na sakamakon sinadarai da aka auna har zuwa kashi ɗaya cikin biliyan, sannan K guda ɗaya tak na dukkan filin, wani lokaci ma daga teburin littafin karatu aka kwafo shi bisa cewa ƙasar yashi ce. A kan wannan lamba aka gina taswirar kwamfuta mai launuka, ta hango shekara 30 gaba. Mai karanta irin wannan rahoto, ko jami'in hukuma ne ko lauya ko wakilin unguwa, yana da haƙƙin ya tambaya: da wace hanya aka sami lambar, a wane zurfi, gwaji nawa aka yi, mene ne mafi girma da mafi ƙanƙanta da aka gani, kuma tsagin rijiyar mita nawa ne? Rijiyar da tsaginta ya kai mita 6 tana gauraya ruwan shimfiɗu daban-daban, ta ɓoye bambancin ratsawa, ta kuma tsarma gubar a samfurin da za a kai ɗakin gwaji.

Binciken kansa ma yana iya zama ɓarna. Idan sinadari mai nauyi ya taru a kan yumɓu, mai haƙa ya huda yumɓun don ya ga abin da ke ƙasa, ya buɗe masa ƙofa zuwa ruwan da da yake lafiya, garin neman gira a rasa ido. Shi ya sa ƙa'idar aikin ita ce a fara daga gefe, inda babu gurɓata, a san jerin shimfiɗun tukuna, sannan a matso tsakiya. Inda ya zama dole a ratsa yumɓun, sai a fara kafa babban bututu a dasa shi cikin yumɓun a liƙe da siminti, a ci gaba da haƙa ta cikinsa da ƙaramin ƙarfe. Duk ramin gwajin da aka gama da shi kuma a cike shi da kunun bentonayit, wani irin yumɓu mai toshe ruwa, tun daga gindi har sama, a rana guda.